Taka, Riƙe, Saki

Akori-kurar da Baba Tunau ya bar mini
ta girme ni da damina huɗu.
Buhu ashirin na albasar Aliero take goyawa,
ba ta taɓa cewa wash a hawa ba.
Tafiya ba ta dame ta ba,
tsayuwa ce sai da roƙo.

Baba ya ce: a taka sau uku.
Na fari sallama, na biyu magiya,
a na uku take tuna tana da birki.
Shekara tara ina yi mata wannan ladabi.

Sai ran nan, a gangaren shiga Jega,
amalanken shanu ya ratso kwalta,
yaro a kai yana shan rake.
Na taka ɗaya. Na taka biyu.
Na uku ya nutse kamar ƙafa a taɓo.
Abin da ya tsai da mu, Allah ne ya san shi,
amma na ƙirga ƙudajen da ke hancin sa,
yaron kuwa ko tauna bai fasa ba.

Arzika bakanike, a gindin darbejiya,
ya ɗaga bayanta da jak, ya tokare da kututture.
Noti takwas, biyu sai da wuta.
Guduma ta yi ta magana da kwanon birki
har tsatsa ta gaji ta sake shi.
Baƙin gari ya zubo masa a tafi.
Ya dube ni, ya dubi garin:
“Mi kaka takawa duk shekarun ga?”

Takalmin ya cinye har kan ƙusa.
Cikin kwanon kunya-kunya kamar gonar gero,
sifirin ya saki jiki,
silinda na hawayen mai a ɓoye,
wa ya san tun yaushe.

Na ce a mayar da irinsu.
Ya ce a'a, kaya a baya suke,
ƙarfi ya zauna inda nauyi yake.
Ya aika Birnin Kabi a zo da manya,
kwano mai faɗi, takalmi mai kauri,
silinda da ta fi tsohuwa baki.
Da ya faɗi kuɗin, na juya su zuwa buhu,
na ji ƙwalla kamar ni ke yanka albasar.

Bayan la'asar ya shige ƙarƙashi.
Ni kuma kan kujerar Baba,
cikin ramin da zamansa ya haƙa.
“Taka!” Na taka.
“Riƙe!” Na riƙe.
“Saki!”
Kumfa na fita cikin kwalba ɗaya-ɗaya.
Na ce a raina: wata iskar nan
tun Baba na da rai ta shiga.
Taka. Riƙe. Saki.
Har ƙarfen ya taso ya tare mini ƙafa
kamar wanda ya miƙe daga jinya.

Muka fita gwaji, Nomau yaronsa a baya.
Wajen mai shayi na kai ƙafa, sallama kawai na yi,
ta tsaya cak.
Goshina ya gaida sitiyari,
Nomau ya mirgina yana dariya,
ƙafata na rataye a sama
da saura taki biyu, babu wurin ajiyewa.

Tsohon kwanon yana tsakar gida yanzu,
Inna na zuba wa agwagi ruwa a ciki.
Sun fi ni sanin amfaninsa.

A hanya sau ɗaya nake takawa.
Amma da asuba, kafin in murza makulli,
mota a tsaye, ba kowa a titi,
nakan ƙara biyun nan a hankali.
Ba don ita ba.